Yawan Tashoshi da Rabon Harsuna: Tsokaci a Kan Talabijin na Tauraron Ɗan'adam a Nijeriya

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce yin tsokaci a kan ra'ayin da ke cewa yawaitar tashoshin talabijin, wadda fasahar tauraron ɗan'adam da ta kebul suka haifar, ta bai wa kowane harshe filinsa.

2.0 Yadda Tashoshi Suka Yawaita

An buɗe gidan talabijin na farko a Ibadan a 1959, na Kaduna ya biyo baya a 1962, sannan aka kafa NTA a 1977. A wancan zamani hoto daga turken watsawa yake tashi, ba ya kuma wuce iyakar da tsawon turken ya ba shi, don haka mai kallo bai da zaɓi sai tasha ɗaya ko biyu. Shi kuwa tauraron da aka ajiye a nisan kilomita kusan 36,000, yana zagaya duniya daidai da juyawarta, har faranti guda ya isa ya kama saƙonsa a faɗin nahiya. Ta wannan hanya HBO ta fara aika wa kamfanonin kebul na Amurka shirye-shirye a 1975. A Nijeriya, Doka ta 38 ta 1992 ta kafa hukumar NBC, aka buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa. DStv ta zo a 1995 da fasahar dijital, mai matse hotunan tashoshi da dama a zangon da a da tasha ɗaya ke cinyewa.

3.0 Rabon Harsuna

Sai dai wannan yalwa ta fi karkata ga Ingilishi. Sai a 2010 aka buɗe Africa Magic Hausa da takwararta ta Yarabanci, Arewa24 kuma ta fara aiki a 2014. Dalilin jinkirin a fili yake: hayar tauraro tana da tsada, talla da kuɗin masu kallo ke biyan ta, mai talla kuwa inda jama'a suka fi yawa yake nufa. Saboda haka harsuna irin su Kanuri da Tibi da Nufanci suka fi dogara ga 'yan mintocin labarai a tashoshin jihohi. Ko a cikin Hausar ma, Kananci ya mamaye fage, Sakkwatanci akasari sai a bakin ɗan wasan barkwanci.

4.0 Kammalawa

Fasaha ta kawar da ƙarancin zango, amma kasuwa ce ke raba filin. Ya kamata masana harshe su riƙa auna ci gaban talabijin da yawan sa'o'in da kowane harshe da karinsa ke samu, domin ƙidayar tashoshi kaɗai tana ɓoye wannan giɓi.