Tarihin Rayfield da aka yanke wa ƙafa

Kwanakin nan wani ɗan littafin talla yana yawo a hannun 'yan'uwanmu masu sarin dankali da kabeji daga Jos. Masu sayar da filaye ne suka buga shi, kuma shafukansa na farko wai tarihin unguwar Rayfield ne. Hotunan sun yi kyau, ba na musu: ruwa shuɗi, gidaje a bakinsa, ga filin wasan golf da Turawa suka kafa tun 1913. Rubutun ma yana da daɗin karantawa. Matsalata da abin da aka tsallake ne.

Marubucin ya yi ta kiran ruwan nan "tafki", kai ka ce haka Allah Ya ajiye shi tun fil azal. To ramin kuza ne, jama'a. Kamfanonin Turawa ne suka haƙa shi, da suka tashi aka bar shi, ruwa ya cika. Ƙasar kuwa gonakin Birom ce, amma littafin ko sunansu bai ambata ba. Ya fara labari daga zuwan Turawa a farkon ƙarni na 20, alhali mutanen Ririwai sun daɗe suna narka kuza tun Bature bai san hanyar ba.

Inda ya fi ci mini rai shi ne lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa inda za ta samu kuza, sai aka koma ɗiban mutane da ƙarfi daga lardunan Arewa, abin da kakanninmu ke kira ɗiban gwamna. An yi wannan har 1944. Mutumin da ya saba da zafin Sakkwato aka kawo shi sanyin Filato, ba bargo, ba wadataccen abinci, yana ɗaukar ƙasa a kwano daga safe zuwa yamma. Da yawa ba su koma gida ba, Allah Ya jiƙansu. Duk wannan layi ɗaya aka ba shi, wai "ma'aikata sun zo daga sassa daban-daban". Haba! Wanda aka ɗaure aka kawo, zuwa ya yi?

Wani zai ce ai talla ce, ba littafin makaranta ba. Ni ma ɗan kasuwa ne, kuma a fiƙihu ɓoye aibin haja haramun ne. Ramin kuza ba ya da gaɓa mai gangara kamar kogi, taku kaɗan sai zurfi, kuma ramukan Filato sun sha cin yara. Ƙasar da aka yi ciko ma ba ɗaya take da ta asali ba wajen aza harsashi.

Duk wanda zai kai kuɗinsa can, ya tafi da injiniya ya duba ƙasar, ya kuma nemi dattawan wurin su nuna masa iyakar tsohon rami.