Addu'ar Natsuwa: Wa Ya Fara Yin Ta?

Wataƙila ka taɓa ganin gajeriyar addu'ar nan da masu fama da shaye-shaye suke yi, wadda take roƙon abu uku: natsuwa a kan abin da ba shi canjuwa, ƙarfin hali a kan abin da za a iya canjawa, da hikimar rarrabewa tsakaninsu. Wata uwa daga Gyaɗi-Gyaɗi ce ta kawo mini ita a kan ɗan kati. Ɗanta ya faɗa cikin shan kodin da tiramol, irin bala'in da ya sa gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin a 2018. Ta ce, "Baba Fasto, an ce Waliyyi Faransis ne ya rubuta ta, shi ya sa nake yin ta safe da yamma." A ƙasan katin kuwa, sunansa ne ƙarara.

Ba shi ba ne. Faransis na Assisi ya rasu a 1226, kuma babu wannan addu'a cikin rubuce-rubucensa. (Bawan Allah ya sha ɗaukar kayan da ba nasa ba: har addu'ar salamar da ake kira da sunansa, sai a 1912 ta fara bayyana a wata mujalla a Faransa.) Wasu sun jingina ta ga Agustin. A Jamus kuma, wani malami mai suna Theodor Wilhelm ya yaɗa ta bayan Yaƙin Duniya na Biyu da sunan aro, Friedrich Oetinger, sai jama'a suka ɗauka masanin tauhidin nan ne mai wannan suna da ya rasu a 1782.

Mai ita shi ne Reinhold Niebuhr, fasto kuma malamin tauhidi a birnin New York, wanda ya rasu a 1971. Ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wadda aka kafa a Amurka a 1935 domin masu son barin giya, ta tsince ta wajen 1941 a cikin sanarwar rasuwa a jarida, ba suna. Suka buga ta a kati, ta bazu. Abin da ba shi da suna kuwa, kowa sai ya raɗa masa wanda ya ga dama. Fred Shapiro na Jami'ar Yale ya yi shakkar cewa ta Niebuhr ce a 2008, amma a 2014 ya fito fili ya janye, bayan ya ga shaida a rubuce-rubucen Winnifred Wygal, wadda ta saurari Niebuhr a farkon shekarun 1930. Na girmama wannan mutum saboda janyewar nan fiye da binciken.

Za ka ce, to mene ne a ciki, tunda addu'ar tana taimako? Na fari, mu da muke koya wa mashayi ya daina ƙarya bai kamata mu miƙa masa takarda mai sunan ƙarya ba. Amma abin da ya fi damuna shi ne abin da ya zube a hanya. A tsohuwar sigar da Wygal ta rubuta, ƙarfin hali ne a gaba, natsuwa tana biye. Mai roƙon kuma jama'a ne, "mu", ba mutum ɗaya ba. Abin da ake neman canjawa shi ne abin da ya wajaba a canja, ba abin da hannuna ya kai kawai ba. Niebuhr mutum ne mai wa'azi a kan zaluncin da ake yi wa ma'aikata da talakawa, addu'arsa ta ikilisiya ce da ke tsaye a gaban mugunta.

Ban ce sigar kati ba ta da amfani ba. Ga saurayin da jikinsa ke rawa da asuba yana neman kwalba, "ni" ita ce kalmar da ta dace, gama ba wanda zai ƙi sha a madadinsa. Uwar nan ma tana bukatar ta san cewa ba za ta iya tuba domin ɗanta ba. Sai dai idan ikilisiya ta ari addu'ar majinyaci ta mai da ita tata, ta sami mafaka. Mai sayar da ƙwaya a bakin layi a Tarauni, matasan da suka gama makaranta suna zaune ba aiki, kunyar da ke hana iyaye kai yaro asibiti sai su ɓoye shi a ɗaki: da sauƙi mu jera waɗannan cikin abin da ba shi canjuwa, mu kira wannan natsuwa.

Na gaya wa uwar gaskiyar sunan. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Ashe fasto ne kamarka." Ta karɓi biro ta soke sunan Faransis. Ranar Laraba ta kawo katin taron zumuntar mata, ta roƙa a yi addu'ar da "mu". Bayan an tashi, mata biyu suka tsaya a baya, suka faɗa mata cewa su ma suna da irin wannan yaro a gida.