Maɗinkiyar da ta tono tarihin matan zane

Akwai maganar da ake jifan Trina Robbins da ita tun tana raye, kuma rasuwarta a watan Afrilun 2024 ba ta sa an daina ba. Wai ita ba masaniyar tarihi ba ce, mai tara tsoffin jaridu ce da haushin maza ya sa ta ɗauki alƙalami. Wai littattafanta kundin hotuna ne, rubutun cikinsu kaɗan, kuma duk macen da ta taɓa riƙe fensir sai ta ɗaga ta sama ko da zanenta bai kai ba. Ban yarda da wannan hukunci ba, kuma ina ganin masu yin sa sun tsaya a bangon littattafan, ba su lura da yadda take kallon zane ba.

An haife ta a Brooklyn, cikin birnin New York na Amurka, a 1938. Mahaifinta tela ne, mahaifiyarta malamar makaranta. Kafin a san ta da zane an san ta da ɗinki: a tsakiyar shekarun 1960 tana da shagon tufafi mai suna Broccoli a unguwar East Village, tana yi wa mawaƙa irin su Mama Cass da Donovan kaya. Daga nan ta fara zane a jaridar East Village Other, ta koma San Francisco a 1970, lokacin da littattafan zane na 'yan tawaye, waɗanda ba sa bi ta hannun manyan kamfanoni, suke tashe. Can ta tarar da zauren maza. Ta fito fili ta soki yadda wasunsu, har da Robert Crumb da kowa ke yabo, suke zana cin zarafin mata a matsayin abin dariya, kuma ta sha wariya saboda haka. A 1970 ɗin ta haɗa It Ain't Me, Babe, littafin zane na farko a Amurka da mata zalla suka yi. Wimmen's Comix ya biyo baya a 1972, ya yi shekara ashirin yana fitowa. A 1986 ta zana Wonder Woman. Wanda ya san harkar ya san wannan duka, don haka ba zan daɗe a kai ba.

Abin da ya juya ta zuwa tarihi shi ne giɓin da ta gani. Littafin Jules Feiffer na 1965 da juzu'i biyu na Jim Steranko na 1970 da 1972 sun kafa yadda ake ba da labarin wannan fasaha: jarumai masu tashi sama, da mazan da suka ƙirƙiro su. Littattafai ne masu daɗin karatu, amma wanda ya rufe su zai ɗauka mace ba ta taɓa zama a teburin zane ba. Robbins da Catherine Yronwode suka fitar da Women and the Comics a 1985. Ta sake ba da tarihin a 1993, ta sake a 2001, ta sake a 2013 cikin Pretty in Ink, kowane karo da ƙarin sunaye da gyaran kurakuran baya. Masu suka na kafa hujja da wannan maimaici. Ni kuwa ina ganin haka aikin yake ga wanda ya fara haƙa a inda ba a taɓa saran ƙasa ba: yau ya ci karo da suna, baɗi ya samo shekarar haihuwa, wata shekarar jikar mai sunan ta aiko masa da wasiƙa.

Wani ɓangare na aikin bin sawun sa hannu ne. Dalia Messick ta koma Dale Messick kafin Brenda Starr ta samu shiga jarida a 1940. June Tarpé Mills ta yar da June, ta bar Tarpé Mills, sunan da ba ya nuna mace ko namiji. Lily Renée tana sa L. Renée, masu karatu suna rubuto mata wasiƙa a matsayin namiji. Wannan aikin haƙuri ne, kuma kowane mai bincike nagari zai iya yin sa.

Abin da ba kowa zai iya ba shi ne karanta tufafi, kuma a nan ne 'yar tela ta sha gaban malaman jami'a. Mai nazarin da ya taso da labaran jarumai, idan ya buɗe shafin Nell Brinkley, abin da zai gani shi ne tarin gashi mai lanƙwasa, da leshi, da manyan idanu, sai ya ce kayan ado ne na 'yan mata, ya wuce. Robbins ta tsaya. Ta ajiye budurwar Brinkley kusa da budurwar Charles Dana Gibson da ta riga ta tashe. Ta Gibson a miƙe take ƙyam, an ɗaure mata ƙugu, an tattare gashinta sama, baki a rufe, kallonta na 'yar masu kuɗi da ke jiran a zo a nemi aurenta. Ta Brinkley gashinta a warwatse yake kamar iska ta bi ta kansa, tana dariya baki buɗe, rigarta na bin motsin jikinta. Wadda ta taɓa yanka yadi ta san cewa rigar farko ba a gudu da ita, ba a hawa motar haya da ita, ba a zama gaban keken rubutu da ita awa takwas. Ta biyun kuwa rigar mai fita aiki ce. Daga yankan riga kaɗai Robbins ta nuna cewa matan da Brinkley ke zana wa a jaridun Hearst, tun zuwanta New York a 1907, su ne masu aikin ofis da na kanti da suka fara cika birane, waɗanda kuma za su samu 'yancin jefa ƙuri'a a 1920. Da ta bi shafukan ɗaya bayan ɗaya sai ga shaidar ta fito: Golden Eyes, jarumar da Brinkley ta fara a 1918, ba ta zauna gida tana kukan saurayinta ba, Faransa ta bi shi fagen yaƙi. A ƙarshen aikinta kuma, cikin shekarun 1930, Brinkley ta yi jerin shafuka kan matan da suka nuna jarumta a wuraren aikinsu. Leshin yana nan, gashin yana nan, kuma su ne suka sa aka ƙi karanta abin da ke ƙarƙashinsu shekara da shekaru.

Haka ta yi wa Miss Fury ta Tarpé Mills, wadda ta fara fitowa a Afrilun 1941, watanni kafin Wonder Woman. Jarumar labarin, Marla Drake, tana da rigar fatar baƙar damisa da take sawa idan za ta yi faɗa, amma sau da yawa makonni kan wuce ba ta sa ta ba. Mai neman jaruma zai ga wannan a matsayin rauni a labarin. Robbins, da ta tattara shafukan Lahadi na labarin aka sake buga su a 2011 da 2013, ta tuna wa mai karatu cewa Mills ta yi tallan kaya kuma ta yi zanen tufafi kafin ta shigo wannan sana'a. Dogayen rigunan dare, da huluna, da takalma masu tsini, da su ake gane halin kowace mace a labarin tun kafin ta buɗe baki. Muguwa da shigarta, mai kirki da tata, wadda ta faɗa talauci kuma ana gani a kafaɗar rigarta. Gladys Parker, mai Mopsy, ita har kamfanin ɗinki gare ta, kuma ta zana jarumarta da kamanninta. Jackie Ormes, mace baƙar fata ta farko da ta yi suna a wannan fage, wadda Torchy Brown ɗinta ta fito a Pittsburgh Courier a 1937, ta sa wa 'yan matanta kaya na gani na faɗa a zamanin da jaridun farare ke zana baƙar mace da ɗankwalin baiwa da tsumman kicin. A irin wannan wuri kyakkyawar riga magana ce, kuma mai karatun Courier ya ji ta sarai.

Na yarda Robbins tana da son kai irin na mai ƙauna. Takan yi wa mai matsakaicin zane yabon da ya fi ƙarfinta, kuma ba ta da haƙurin dogon nazari irin na jami'a. Cikakken tarihin Ormes, alal misali, Nancy Goldstein ce ta rubuta shi a 2008. Amma zargin cewa littattafanta hotuna ne kawai ba shi da nauyi. Shafin jaridar Lahadi na 1925 ba ya cikin kowane ɗakin karatu, takardarsa tana ruɓewa, kuma wanda bai gan shi da launinsa da girmansa ba ba zai gane komai daga bayani ba. A The Brinkley Girls na 2009 da The Flapper Queens na 2020 hoton shi ne hujjar. Mai karatu na buɗe shafi yana ganin siket na hawa sama shekara bayan shekara, gashi na gajarcewa, sannan bayan karyewar kasuwa ta 1929 komai ya sake sauka.

Duk wannan yana kai ni ga abin da na fi riƙewa daga aikinta. An daɗe ana cewa 'yan mata ba sa karanta littattafan zane, har kamfanonin suka ɗauki maganar tamkar gaskiya. Littafinta From Girls to Grrrlz na 1999 ya rushe ta. A shekarun 1940 da 1950 'yan mata na sayen Archie, da Patsy Walker, da Millie the Model wadda Ruth Atkinson ta fara zanawa, da Katy Keene inda masu karatu ke aiko da zanen riga a buga da sunansu. Young Romance, wanda Joe Simon da Jack Kirby suka fara a 1947, ya buɗe kasuwar labaran soyayya da ta cika teburan masu jarida. Masu karatun ba su gudu ba, kasuwar ce ta tashi daga inda suke. Daga shekarun 1970 sayarwa ta koma shaguna na musamman, waɗanda masoya jarumai ke buɗewa don masoya jarumai, kuma mai shago ba ya odar abin da shi ba ya karantawa. Robbins ta ɗanɗana wannan da kanta: Misty, da ta yi wa Marvel a tsakiyar shekarun 1980 da 'yan tsanan takarda da rigunan da yara suka aiko, fitowa shida ya yi ya tsaya. Da littattafan zanen Japan irin su Sailor Moon suka shiga kantunan littattafai na kowa da kowa, sai ga 'yan matan da aka ce ba sa karatu zaune a ƙasa tsakanin kantoci suna karantawa.

Mai karatun Hausa ba baƙo ba ne ga irin wannan raini. Mun ga yadda aka yi wa littattafan soyayya na Kano laƙabin adabin kasuwa, alhali mata ne mafi yawan masu karanta su, kuma da yawa daga masu rubuta su, irin su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa. Su ma a takarda mai arha aka buga su, su ma hannu zuwa hannu suke yawo har su yage. Duk lokacin da na buɗe littafin Robbins sai na tambayi kaina wa ke ajiye bugun farko na waɗannan, da bangonsu.

Lily Renée, mai sa hannu da L. Renée ɗin nan, ta tsere daga Vienna tana yarinya a 1939, cikin yaran Yahudawa da aka kwashe zuwa Ingila, daga baya ta haɗu da iyayenta a New York. A kamfanin Fiction House, lokacin da maza suka tafi yaƙi, aka ba ta Señorita Rio, 'yar leƙen asiri mai farautar 'yan Nazi. 'Yar gudun hijirar da ke zaune a ƙuntataccen ɗaki ta riƙa sa wa Rio rigunan da ita ba ta da kuɗin saye. Ta bar sana'ar a ƙarshen shekarun 1940, aka manta da ita fiye da shekara hamsin. A 2007 ta halarci babban taron masoya littattafan zane na San Diego, a 2011 kuma Robbins ta rubuta labarin rayuwarta a littafin zane don yara, Anne Timmons da Mo Oh suka zana. Renée ta rasu a 2022 tana da shekara 101, Robbins ta bi ta bayan shekara biyu a San Francisco, tana da 85.