Gandun Dabbobi a Idon Manomin Karaye da Rogo

Gabatarwa

A shekarar 1975 aka buga Gandun Dabbobi, fassarar da Bala Abdullahi Funtuwa ya yi wa littafin George Orwell na 1945. Orwell ya yi hannunka-mai-sanda ne ga juyin juya halin Rasha na 1917 da mulkin Stalin. Manufar wannan maƙala ita ce a duba yadda jigon ya zauna a ƙasar manoma irin Karaye da Rogo, inda ba kowa ya san Stalin ba, amma kowa ya san gandu.

Warwarar Jigo

Kalmar gandu fuska biyu gare ta. Akwai gandun gida, inda uba da 'ya'ya suke noma tare, a ci daga rumbu ɗaya. Akwai kuma gandun sarki, wanda a da bayi ne suke nome shi, amfani ya tafi fada. Dattijo ya yi wa dabbobi mafarkin gandu na farko, suka kori Nomau don su same shi, amma Maitumbi ya kai su ga na biyu. Wannan ma'ana ba ta cikin sunan littafin na Ingilishi. Riba ce ta fassarar.

Tarihin ƙasar Kano bai rasa makamancin wannan ba. A cikin Kitabul Farƙi Shehu Usmanu ya lissafa jangali cikin zaluncin sarakunan Haɓe, amma jangalin ya dawo bayan jihadi, Turawa kuma suka ƙarfafa shi bayan 1903. Tun da wuri Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya hango son duniya yana shiga jama'a, ya ƙaurace har ya iso Kano, inda ya rubuta Liya'ul Hukkami. Sai a 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, abin da NEPU ta daɗe tana nema tun kafa ta a 1950. Ba a jima ba jam'iyyar PRP ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo. Ba a ce waɗannan abubuwa daidai suke da labarin Maitumbi ba, sai dai su ne suka sa makiyayin Rogo ba ya bukatar a fassara masa kwatancin.

Raunin Littafin

Rauni biyu ya kamata a lura da su. Na farko, alade a wurin Bature dabba ce mai wayo, shi ya sa cin amanar yake zuwa masa sannu a hankali. Musulmi kuwa tun shafin farko ya ƙyamaci alade, saboda haka sai ya ɗauka mugun iri ne ya ɓata tafiyar, alhali Orwell yana nufin mulkin da ba mai tsawata masa shi ke ɓata kowa. Na biyu, an nuna talaka a siffar Akawal, ga ƙarfi ba tunani. Talakawan da suka sha ɗauri da bulala saboda NEPU ba haka suke ba.

Kammalawa

Hatsarin da ke akwai shi ne ɗalibi ya rufe littafin da zaton duk neman sauyi banza ne. Wajibi ne malami ya nuna masa ƙofar da zaluncin ya shigo: aladu ne suka mallaki karatu, suka riƙa sauya dokokin da ke jikin bango, Karambana yana shafe wa saura abin da suka tuna. Ashe ke nan Hukumar Yaƙi da Jahilci da gwamnatin Rimi ta kafa a 1980 amsa ce ga littafin. Wanda ya iya karanta doka da kansa, da wuya a sauya masa ita cikin dare.