Uku cikin Ɗaya da zaman jama'a: ra'ayin Leonardo Boff a ma'aunin Damargu

A 1986 Leonardo Boff, malamin Katolika ɗan ƙasar Barazil, ya fitar da littafin da masu karatu da Faransanci suka sani da suna Trinité et société. Jigonsa bai da wuyar faɗi. Kiristoci sun yi imani cewa Allah ɗaya ne cikin uku, wato Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, babu babba babu ƙarami, kowane na zaune cikin sauran biyun ba tare da ya rasa kansa ba. Tun da haka zatin Allah yake, in ji Boff, haka ya kamata gida da majami'a da ƙasa su zauna: a bambanta amma a daidaita, a yi tarayya cikin dukiya da iko. Ba shi ya fara wannan magana ba. Jürgen Moltmann na Jamus ya riga shi a 1980, John Zizioulas na Girka kuma a 1985. A Afirka ra'ayin ya samu ƙofa bayan taron bishop-bishop na 1994 a Roma, wanda ya ɗauki iyali a matsayin siffar ikilisiya.

Wannan maƙala ba za ta yi hukunci kan gaskiyar aƙidar ba, wannan aikin masu ita ne da masu musunta. Abin da za mu duba shi ne abin da ke samun ra'ayin Boff idan aka zuba shi cikin Hausa, aka kai shi wuri kamar Belbeji, cikin ƙasar Damargu. Mun zaɓi wurin ne don ba ya sauƙaƙa wa ra'ayin komai. Gunduma ce da aka cire daga ta Tanut a 2011, mahaɗar Hausawa da Dagirawa da Buzaye da Fulani, kusa da iyakar da dokar 1961 ta shata tsakanin ƙasar noma da ta kiwo. Kiristoci a Nijar ba su kai 1 cikin 100 ba bisa ƙidayar 2012, kuma ko da yake ƴan mishan na SIM sun sauka Damagaram tun 1924, mabiyansu sun fi taruwa ta wajen Maraɗi da Tsibiri da Galmi. Duk Kiristan da zai yi wannan wa'azi a Damargu, kunnen Musulmi na kusa da shi. Bayan ƙone majami'un Damagaram ranar 16 ga Janairu 2015, ba wanda zai ce zaɓen kalma a nan ƙaramin abu ne.

Matsalar farko ta harshe ce. Girkanci na da hypostasis, Faransanci na da personne, Kiristocin Larabawa sun ari uƙnum daga Siriyanci suka keɓe ta ga wannan aƙida ita kaɗai. Hausa ba ta keɓe wata kalma ba. In an ce mutum uku, mutum a Hausa ɗan Adam ne mai ci da sha, sai mai sauraro ya ga mutane uku zaune bisa tabarma. In an ce zati uku, an faɗa cikin shirka a bakin Musulmi da Kirista baki ɗaya, don dukansu zati ɗaya suka yarda da shi. In an ce suna uku ko fuska uku, an koma ga ra'ayin Sabeliyus wanda ikilisiya ta ƙi tun ƙarni na 3. Mai wa'azi mai hankali kan tsallake ramin ya ce Allah ɗaya, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ya yi shiru. Amma ra'ayin Boff ba ya tsayuwa da wannan shiru. Yana bukatar ukun su fito fili kamar ƴan majalisa kafin a ce wa jama'a ku yi koyi da su. Ke nan kalmar da ta fi yi masa aiki, mutum, ita ce ta fi ɓata aƙidar da yake son karewa.

Na ukun ma da nasa zancen. Ruhul Ƙudusi a tafsirin da almajiri ya saba ji Mala'ika Jibrilu ne. Suratul Ma'ida, aya ta 116, ta ambaci masu riƙon Annabi Isa da mahaifiyarsa abin bauta, shi ya sa Musulmi da yawa ke ɗauka Maryamu ce ta cika ukun. Kirista kan ɓata lokaci yana gyara wannan fahimta. To sai ga Boff, don neman wa mace wuri cikin Allahntaka, tun a littafinsa na 1979 kan Maryamu ya ce Ruhu Mai Tsarki ya haɗu da ita haɗuwa ta musamman mai kama da ta Ɗa da jikin ɗan Adam. A Barazil wannan ƙoƙari ne na ɗaga darajar mata. A Damargu tabbatar wa maƙwabci zarginsa ne.

Sai misali. Wanda ke zuwa baki nan da nan shi ne murhu: duwatsu uku, tukunya ɗaya, in ka janye guda ta kife. Misali ne mai daɗin ji, amma kowane dutse sulusin murhu ne, alhali aƙidar ta ce kowane cikin ukun Allah ne cikakke. Wanda ya fi cancantar a tsaya kansa shi ne gandu. Uba da ƴaƴansa maza na noma gona ɗaya, hatsi na shiga rumbu ɗaya, wanda ya zo daga waje ba ya iya cewa wannan dami na wane ne. Malaman ikilisiya na dā sun faɗi kusan haka game da ayyukan Allah cikin duniya, cewa ba a rarraba su tsakanin ukun. Har nan misalin na tafiya. Sai dai gandu ba zaman daidaito ba ne. Maigida ke buɗe rumbu, shi ke biyan haraji, shi ke yi wa ɗa auren fari, shi kuma ke yanka masa gayauna. Ɗa na ƙarƙashi har ranar da uba ya mutu ko aka raba gandun. Bahaushe da ya ji Uba da Ɗa, matakala yake gani, kuma wannan matakala ita ce ainihin koyarwar Ariyus da taron Nikiya ya la'anta a 325.

Akwai kuma kunya. Uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya wasa da shi a gaban mutane, sau da yawa ma kakanni ko wata gwaggo ke riƙonsa. Littafi Mai Tsarki, tun fassarar Hausa ta 1932, yana nuna Uba mai bayyana ƙaunar Ɗansa a bainar jama'a, da Ɗa mai kiran Ubansa kai tsaye. A ganinmu nan ne aƙidar ke da haƙoran cizo a ƙasar Hausa, kuma Boff bai hango wurin ba don ba gidan Bahaushe yake kallo ba. Cewa ɗa na iya zama daidai da uba a daraja, uban kuma bai daina zama uba ba, magana ce da za ta taɓa saurayin da ya gudu daga gandu ya tafi ci-rani Libiya ko Najeriya don ya gaji da noman da ba shi da ta cewa a kansa. Amma a lura, a nan aƙidar tana ƙalubalantar al'ada ne. Masu cewa Afirka ta riga ta san Triniti ta hanyar zumuncinta, kamar A. O. Ogbonnaya a littafinsa na 1994, sun ɗauki zumunci tamkar ba shi da manya da ƙanana.

Inda littafin ya fi rauni shi ne ɓangarensa na siyasa. Boff, bin sawun Moltmann da Erik Peterson (1935), yana ganin tsananta kaɗaita Allah na share wa mulkin mutum ɗaya hanya: Allah ɗaya a sama, sarki ɗaya a ƙasa, uba ɗaya a gida. Ana gane inda zafin ya fito. Barazil ta yi zaman mulkin soja daga 1964 zuwa 1985, shi kansa kuma fadar Paparoma ta hana shi magana a 1985 saboda sukar da ya yi wa tsarin iko cikin ikilisiya. Amma tarihi bai goyi bayansa ba. Sarakunan Rum da suka tilasta aƙidar Nikiya, irin su Tiyodosiyus a 381, ba su raba mulki da talakawansu ba. Sarkin Habasha da ya yi mulki daga 1930 zuwa 1974, sunan sarautarsa Haile Selassie, ma'anarsa ikon Triniti. A ɗaya gefen, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da sunan tauhidi ya tuhumi sarakunan Hausa kan zalunci da haraji kafin jihadin 1804, don wanda ya ce Allah kaɗai ne Sarki yana da abin da zai faɗa wa sarkin gari. Kowace aƙida cikin biyun an hau ta an yi zalunci, an kuma hau ta an yaƙe shi. Abin dariya ma, kalmar da Kiristocin Hausa ke kiran ilimin sanin Allah da ita, wato abin da Boff ke koyarwa, ita ce tauhidi.

Da Boff ya waiwayi Kiristocin da suka zauna cikin Musulmi, da ya ga sun bi wata hanya dabam. Kalmar da ya gina littafinsa a kai, périchorèse, wato zaman kowane cikin kowane, Yohana na Dimashƙu ne ya yaɗa ta a ƙarni na 8, ƙarƙashin daular Banu Umayya, kuma ya yi amfani da ita ne don nuna cewa ukun ba sa rabuwa. Timotawus na ɗaya, shugaban ikilisiyar Gabas, da ya yi muhawara da Halifa Mahadi a Bagadaza wajen 781, ya kwatanta Ɗa da Ruhu da Kalmar Allah da Ruhinsa waɗanda ba a raba su da shi. Wannan harshe ne da wanda ya karanta sifofi ashirin a zaure zai iya bi, ko da zai ƙi yarda daga ƙarshe. Su sun karkata ga ɗaya don maƙwabcinsu na tuhumarsu da uku. Boff ya karkata ga uku don abin da ke damunsa shi ne mulkin mutum ɗaya. Kowa da inda takalmi ke matsa masa. Karen Kilby ta faɗi wannan a fili a 2000: malami kan ɗauki irin zaman da yake so, ya jingina shi ga Allah, sa'an nan ya dawo da shi ya ce ga abin da Allah ya koyar.

Bari mu koma Damargu kanta. A ƙarni na 19 ita ce rumbun Abzin, ayarin Agadas zuwa Kano ta nan yake bi yana ɗaukar hatsi. Stephen Baier (1980) ya nuna yadda makiyayi da manomi da ɗan kasuwa suka dogara da juna, musamman a shekarun fari. Zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne, amma wani na bisa raƙumi wani na riƙe da akala, kuma da yawa cikin masu noman bayi ne ko barori. Sai a 2003 dokar Nijar ta mai da bauta laifin da ake hukuntawa, bayan gwagwarmayar ƙungiyoyi irin su Timidria da aka kafa a 1991. Saboda haka kiran daidaito da Boff ke yi yana da wurin sauka, ba ma musun wannan. Tambayar ita ce ko sai an bi ta Triniti kafin a iso gare shi. Ƙasar na da nata kayan aiki da kowa ya yarda da su. Akwai wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, irin wanda UNESCO ta sa cikin gadon duniya da sunan Nijar a 2014, inda talaka ke faɗa wa mai sarauta baƙar magana a yi dariya. Akwai habbanaye na Fulani, inda mai shanu ke ba wanda ya rasa aron karsana, ya riƙe ƴaƴan da ta haifa, ya mayar da uwar. Waɗannan dabaru ne na masu bukata da tsoro da mantuwa, an ƙera su ne don an san zumunci na tsinkewa.

Ukun da Boff ke nuna mana nufinsu ɗaya ne, haka aƙidar ta ce. Ba su taɓa saɓani ba, ba wanda ke jin yunwa, ba wanda ya riga wani isa rijiya. Zaman Belbeji kuwa a kan saɓani yake juyawa: garke ya shiga gona kafin a kwashe amfani, manomi ya ci burtali, an haƙa rijiya an hana baƙo. Wanda ya tuna Toda a 1991, can jahar Maraɗi, inda aka kashe Fulani fiye da 100, ya san inda irin wannan ke kaiwa. Abin da ake nema ranar nan shi ne wanda zai auna ɓarna, da wanda zai yanke diyya, da wanda za a kai wa ƙara in ba a gamsu ba, wato hakimi da alƙali da kwamitocin ƙasa da dokar karkara ta 1993 ta tanada. Littafin ya yi dogon bayani kan tarayya da ƙauna, amma a kan shari'a tsakanin mutum biyu da kowane ke da gaskiyarsa bai ce kusan komai ba, kuma ba zai iya ba, don madubin da ya zaɓa ba a taɓa yin ƙara cikinsa ba.