Daga awara zuwa zomo: yadda Splatoon ya tace dabarunsa

Na daɗe ina jin masu sha'awar ƙirƙirar wasannin bidiyo suna cewa babbar wahala ita ce samun dabara. Ni ban yarda ba. Dabara arha gare ta. Abin da ke da tsada shi ne a gane wadda za a yanka. Wasan Splatoon, wanda kamfanin Nintendo na Japan ya fitar a 2015 a kan na'urar Wii U, shi ne hujjata.

Ma'aikatan sun tara dabaru da dama a takarda, amma wadda ta tsira ita ce wadda wani mai rubuta manhaja, Shintaro Sato, ya gina aka taɓa da hannu. Babu ado a cikinta ko kaɗan: wasu dunƙule-dunƙule ne masu kusurwa huɗu, farare da baƙaƙe, huɗu na karawa da huɗu, suna fesa tawada a ƙasa, wanda ya fi mamaye fili shi ya ci. Su kansu sun kira dunƙulen tofu, wato awararmu ta bakin titi. Aka buga, aka ji daɗi, gardama ta ƙare. Gani ya kori ji.

Sai dai ba a sayar da awara a matsayin jarumar wasa, don haka aka mayar da ita zomo. Dalilan ba na banza ba ne: dogayen kunnuwa suna nuna inda ɗan wasa ya fuskanta idan an hango shi daga sama. Amma mutanen kamfanin suka yi ta tambaya, me ya haɗa zomo da tawada? Aka rasa amsa. Nan ne na fi jinjina musu, domin sun riga sun zuba aiki a kan zomon, kuma duk wanda ya taɓa yage babin da ya kwana yana rubutawa ya san ciwon. Suka ajiye shi suka ɗauko sikwid, halittar tekun nan mai fesa tawada. Da wannan zaɓi ɗaya abubuwa suka haɗu: ɗan wasa ya nutse cikin tawadar ɓangarensa ya ɓuya, ya yi sauri, ya hau bango, ya sake cika tankinsa. Fentin ƙasa ya tashi daga ƙidayar maki kawai, ya zama hanya da mafaka.

Inda nake da ja shi ne batun murya. Wasan ya fito ba tare da hanyar da abokan wasa za su yi magana da juna ta intanet ba, kuma da gangan aka yi haka, don gudun zage-zage. Niyyar na da kyau. Amma ina zargin ma'aunin da ya yi musu rana a kan zomo bai yi aiki a nan ba. Ma'aikatan da ke gwaji a ofis ɗaya suna iya ɗaga murya su gargaɗi juna, ba za su ji rashin ba. Wanda ke ɗakinsa shi kaɗai, an haɗa shi da baƙi uku, minti uku kacal gare shi, yana kallon abokan gaba suna zagayowa ta baya, 'yan maɓallan kira ne duk abin da aka bar masa.