"Kowa Ya Bar Gida": Sake Duban Jigon Ƙaura da Nadama ta Fuskar Tashin Fadar Katagum zuwa Azare

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabin baka sun saba kawo karin maganar nan da ke cewa "kowa ya bar gida, gida ya bar shi" a matsayin hujjar cewa Bahaushe yana kallon ƙaura a matsayin abin da nadama ke biyo bayansa. Daga nan sai su kawo kishiyarta, watau "tafiya mabuɗin ilimi", su ce ashe Bahaushe ya san tashi daga gida yana da riba. Yawanci a nan nazarin kan tsaya, a bar mai karatu da maganganu biyu masu karo da juna. Wannan maƙala tana ganin akwai gyara a irin wannan nazari, domin yana tsallake tambayoyi biyu: shin wa ya zaɓi tashin, kuma a kan wa asarar ta faɗa? Za a gwada waɗannan tambayoyi a kan mayar da fadar Katagum zuwa Azare a 1916, sa'an nan a kan littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa.

2.0 Kalmomin Tashi da na Ɓacin Ran Tashi

Hausa ba ta tara kowane irin tashi a ƙarƙashin kalma ɗaya ba. Ƙaura tashi ce da kaya da iyali ba da niyyar komowa ba. Cirani tafiya ce ta neman abin masarufi wadda faɗuwar damina ke kawo ƙarshenta. Hijira tana ɗauke da nauyin addini ko gudun fitina. Kora kuwa tashi ce da wani ya hukunta a kan wani.

Haka nan ɓacin ran da ke biyo bayan tashi ya rabu biyu. Akwai kewa, akwai kuma nadama ko da-na-sani. Ƙirar kalmar da-na-sani kanta ta isa hujja. An gina ta ne daga jimlar sharaɗi mai nuna abin da bai auku ba, watau "da na sani, da ban yi ba", kuma tana ɗauke da wakilin sunan mai magana. Ke nan duk wanda ya furta ta ya amsa cewa a hannunsa zaɓin yake. Kewa ba ta buƙatar wannan sharaɗi: bawan da aka sayar da amaryar da aka kai wani gari duk suna kewar gida, alhali ba su ne suka yanke shawarar tashin ba. Manazarcin da ya gwama kewa da nadama ya ɓatar da bambancin da harshen ya riga ya tsare.

3.0 Daga Katagum zuwa Azare

Malam Zaki, ɗaya daga cikin waɗanda suka karɓi tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa birnin Katagum a bakin kogin Jama'are a farkon ƙarni na 19, bayan ya ci ƙasashen Shira da Tashena. Zaɓen wurin ba haka kawai ba ne. Katagum gari ne na bakin daga, mai tsaron iyakar daular Sakkwato ta gabas daga Barno. Lokacin da Baturen nan Clapperton ya sauka garin a Janairun 1824, a zamanin Sarki Ɗankauwa, ya tarar da birni mai ganuwa biyu da ƙofofi huɗu. Tarihin masarautar na wannan ƙarni, kamar yadda Low (1972) ya tattara shi daga bakin mutane tare da na Gombe da Haɗeja, cike yake da yaƙe-yaƙen iyaka, har da waɗanda Sarkin Haɗeja Buhari ya addabi ƙasar da su a shekarun 1850.

Da Turawan Ingila suka karɓe ƙasar a 1903, sai dalilin zaman Katagum a inda take ya raunana. Ba sauran farmakin Barno da za a tare. Abin da sabon mulki ke bukata shi ne wurin da tara haraji da zagayen ƙasa za su yi sauƙi, ga shi kuwa Katagum tana can kusurwar arewa ta masarautar. Bugu da ƙari, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ciniki ya karkata ga gyaɗa da hanyoyin da ke kai ta can. A 1916, zamanin Sarki Abdulƙadir wanda ya yi mulki har zuwa 1947, aka mayar da fada Azare, kimanin kilomita 70 kudu da tsohon birnin. Bayan shekara goma, a 1926, aka cire ƙasar baki ɗaya daga Lardin Kano aka sanya ta a Lardin Bauci. Wannan ƙaura ta biyu a kan takarda aka yi ta; babu wanda ya ɗaure kaya, amma alƙiblar mulkin jama'a ta juya daga yamma zuwa kudu.

4.0 Riba da Asara

Idan aka auna da ma'aunin wanda ya tashi, da wuya a sami abin nadama. Azare tana kan babbar hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Potiskum zuwa Maiduguri, ta kuma zama gari mafi girma a arewacin Jihar Bauci. A nan Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh take, a nan kuma gwamnatin tarayya ta kafa Jami'ar Kimiyyar Lafiya a 2021. Fadar da ta bar gida, gida bai bar ta ba. Hasali ma da sunan gidan ta tafi. Sarkin Katagum a Azare yake zaune, Ƙaramar Hukumar Katagum a Azare hedikwatarta take, kuma masu neman a ƙirƙiro Jihar Katagum Azare suke nufi da babban birninta. Shi kuwa garin da ya haifi sunan, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Zaki ne. Har ta kai mai magana yakan bukaci ƙarin bayani in ya ce "Katagum", domin a gane garin yake nufi ko masarautar.

A nan karin maganar ta juye. Asarar ba ta bi matafiyi ba, ta tsaya a kan mazaunin da fada ta tashi ta bari, tare da duk abin da zaman fada ke jawo wa gari na baƙi da ciniki da martaba. Kuma bisa bambancin da aka yi a sashe na 2.0, abin da ya rage wa wannan mazauni kewa ce, ba da-na-sani ba, tun da ba shi ya yanke hukuncin ba.

Ƙasar tana da wani misali da ya fi kusa da zuciyar masana harshe. Harsunan Shirawa da Tashenawa, 'yan'uwan Bade da Ngizim, sun mutu a kan ƙasarsu, jikokin masu su kuma Hausa suke yi, a yankin da karin harshen nan Guddiranci wanda Bagari (1982) ya nazarta yake. Waɗannan mutane ba su bar gida ba, amma wani ɓangare na gidan ya bar su.

5.0 Shaihu Umar a Kan Wannan Ma'auni

Littafin Shaihu Umar, wanda ya fito a 1934, ana yawan karanta shi a matsayin labarin bauta da haƙuri. Amma idan aka bi shi da tambayoyin nan biyu, za a ga marubucin ya rarrabe nau'o'in tashi da kyau. Makau korar sa aka yi saboda makircin fadawa. Umar sace shi aka yi yana yaro, aka yi ta miƙa shi daga hannu zuwa hannu har ya tsallake Sahara. Babu ɗayansu da ke da bakin cewa "da na sani". Wadda kaɗai ta zaɓi tafiyarta ita ce mahaifiyar Umar: ita ta bar ɗanta ta tafi ganin iyayenta, ita kuma ta fita neman sa har ta faɗa bauta, aka kai ta Murzuk da Tarabulus.

To, yaya marubucin ya raba sakamakon? Ga Umar tafiya ta zama mabuɗin ilimi, domin a baƙunta ya yi karatun da ya mai da shi shehin malami a Rauta. Mahaifiyar kuwa ta rasu jim kaɗan bayan ta sadu da shi. Karin maganganun biyu duk sun tabbata a cikin littafi ɗaya, sai dai kowace a kan mutum dabam. Ƙarfin littafin ke nan. Rauninsa kuma shi ne, tun da da bakin Umar aka ba da labarin, muryar wanda ya ci ribar ce ta rinjayi ta wadda ta biya kuɗin. Irin wannan rinjaye ne ake gani in an taƙaita ƙaurar 1916 a jimla ɗaya cikin jerin sarakuna, kamar dai fada kaɗai abin ya shafa.

6.0 Kammalawa

An yi ƙoƙarin nuna cewa karin maganganun ƙaura ba sa karo da juna, manazarci ne kan ɗora su duka a kan mutum ɗaya. Riba da asarar tashi ba kasafai suke sauka a gida ɗaya ba, kuma nadama ta mai zaɓi ce, kewa ta kowa. Aikin da ke gaban ɗalibanmu shi ne su je tsohon birnin Katagum su naɗo kirari da waƙoƙi da maganganun dattawa game da tashin fadar, su kwatanta da na Azare, su ƙirga inda aka ce "mun tashi" da inda aka ce "an tashe mu" ko "an bar mu". A cikin waɗannan wakilan suna ne za a gane wa ya zaɓa da wa ya biya.